Ranar da Lenart Ya Ƙi Tashi

Mijina Lenart manomi ne, kuma in za a faɗi gaskiya ba wani gwanin noma ba ne. In ya bi bayan garma layinsa sai ya karkace, in ya kafa shinge awaki su fi kowa murna. Da noma kaɗai ya gada, da babu wanda zai tuna da shi a ƙauyenmu Brezova in ba ni ba, ni ɗin ma don na sha wahalarsa ne. Amma ya gaji wani abu daga ubansa, uban ma daga nasa uban. Gidansu ne ke zaman dutse.

Dutsen yana nan a filin da ke ƙasan coci, tsayinsa bai wuce gwiwar mutum ba. Yawancin shekaru tumaki ne ke soshe-soshe a jikinsa. Sai ranar da Hersog mai mulkin ƙasarmu ya mutu, aka ce ga wanda zai gaje shi, sannan a tuna da dutse, a tuna da mu. A ƙasarmu ko Kaisar, sarkin sarakuna, da kansa ya miƙa wa mutum tuta ya ce ya ba shi sarauta, bai zama Hersog ba sai ya zo filin nan ya tarar da talaka zaune a kan dutse, talakan ya tashi don kansa ya ba shi wuri.

Ina amarya Lenart ya yi zamansa na farko, ubansa bai daɗe da rasuwa ba. Matar gidan ce ke saƙa rigar da sabon Hersog zai sa, don haka ni na saƙa ta, ta ulu mai ruwan toka irin ta kowane manomi. A gindin tudu aka tuɓe wa mutumin kayan sarauta aka sa masa rigata, da malfa, da takalmin gona. Ya taho a ƙasa, igiyar bijimi mai roɗi-roɗi a hannun hagu, ta goɗiya a hannun dama, manyan ƙasa na biye da shi cikin jan mulufi. Lenart na bisa dutse ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya murtuke fuska, shi da a gida ko kaza ba ta tsoronsa.

"Wane ne wannan da ke tahowa da taƙama haka?" ya tambaya.

"Mai ƙasa ne!" in ji jama'a.

"Alƙali ne mai gaskiya? Ɗa ne, ba bawa ba? Zai tsaya wa maraya da matar da mijinta ya mutu?"

"Haka yake, haka kuma zai kasance!"

"To da me zai tashe ni daga nan?"

Wakilin Hersog ya ce da bijimin nan, da goɗiyar nan, da rigar da ke jikinsa, kuma gidanka ba zai ba da haraji ba. Sai Lenart ya miƙa hannu ya ɗan mari kumatun sabon Hersog, mari na al'ada, ya ce masa ya riƙe mu da kyau, ya tashi. Hersog ya hau dutse ya zare takobi ya nuna gabas da yamma, kudu da arewa, aka ba shi ruwa a cikin malfa ya sha. Shi ke nan, an yi mai ƙasa.

Ƙa'idar abin ba ta da yawa. Muddin Lenart na zaune babu mai taɓa shi, in aka ja shi da ƙarfi naɗin ya lalace. In kuwa ya sauka don kansa, ko me ya saukar da shi, ya tashi ke nan. Kuma dole a gama kafin rana ta faɗi. Kowa ya san mai zaman dutse yana iya ƙin tashi, amma tun kakanni ba a taɓa jin wanda ya ƙi ba.

Ranar nan ji nake kamar sarki na aura. Da muka kai bijimin gida muka duba bakinsa, ashe tsoho ne tukuf.

Wancan Hersog na gidan Barewa ne. Mu ba mu cika riƙe sunayensu ba, da abin da ke jikin tutarsu muke saninsu. Shekara ba ta zagayo ba ya hana mu shiga daji saran itace, ya hana aladunmu kiwo a gindin bishiyoyi, wai muna korar masa namun farauta. A farautar doki ya kayar da shi ya karye wuya, bai bar ɗa namiji ba, gidan Barewa ya ƙare a kansa. Kaisar ya ɗauki ƙasar ya ba surukinsa na gidan Kifi. Na sake saƙa riga, Lenart ya sake tambaya, jama'a suka sake cewa haka yake. Wannan shi ne ya kwashe samarin kwarinmu ya kai su yaƙin Kaisar can kudu bayan duwatsu. Babban ɗanmu Primoz yana cikinsu. Ko takobi bai taɓa shi ba, zazzaɓi ne ya kashe shi a wata ƙasa mai fadama, aka binne shi inda ba zan taɓa gani ba.

Na uku ɗan wancan ne, yaro ƙarami da aka riƙo wa igiyar bijimi. Yana ganin gemun Lenart ya fashe da kuka. Lenart ya shafa masa kumatu kawai ya tashi, baffannin yaron suka ci ƙasa da sunansa har suka ƙoshi.

Zuwa lokacin maƙwabta sun daina ganin girman abin. A ƙofar coci wani zai ce, "Lenart, sau nawa za ka sayar da mu a kan tsohon sa?"

"Ni tambaya aka ce in yi, na yi," yake cewa. "Ku ne kuka amsa."

Su yi dariya, shi ma ya yi, amma na san abin yana cinsa. Tun mutuwar Primoz ya daina ba da labarin zaman dutse a wurin sha. In ya bi ta filin, kewayewa yake yi ta bayan coci. Ya gaji, ni ma na gaji. Mutum ya yi ta tambaya ɗaya duk tsawon rayuwarsa, ana ba shi amsa ɗaya, kuma ya san ƙarya ce tun kafin a buɗe baki.

Yaron gidan Kifi bai gama girma ba sarkin iyakar gabas, na gidan Gatari, ya ce ƙasar tasa ce, don uwarsa 'yar gidan Barewa ce. Aka yi ta yaƙi shekara da shekaru. Rundunar wannan ta bi ta kwarinmu ta kwashe hatsi, ta wancan ta biyo ta kwashe tumaki. A ƙarshe mayaƙan gidan Kifi suka zo suka tasa mazan kwari gaba da amalankensu, su kai musu abinci bakin daga. Babu wanda aka tambaya ko yana so. A can aka kashe Hersog ɗin gidan Kifi yana saurayi, mutanensa suka watse, mayaƙan Gatari suka tarar da mazanmu tsaye tsuru-tsuru kusa da shanunsu. Aka ce sun taimaki abokin gaba, aka zuba su a kurkukun hasumiyar Karnek. Autanmu Blaz yana ciki, shi kaɗai ya rage mana.

Suka yi hunturu guda a ciki. Ana ta raɗe-raɗin cewa da an gama naɗi za a tura su haƙar gishiri a ƙarƙashin ƙasa, inda ba a cika dawowa ba. Da bazara aka aiko cewa sabon Hersog, na gidan Gatari, zai zo filin dutse. Yana gaggawa, don baffan wanda aka kashe yana can bayan duwatsu yana tara mayaƙa, kuma rabin manyan ƙasa ba su tsai da wanda za su bi ba.

Maƙwabciyarmu Katra ce ta fara zuwa, da matan kwari a bayanta. Mijinta da ɗanta duk suna hasumiya. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba Lenart, wannan karon ba za ka tashi ba."

"Katra, zauna mana ki sha ruwa."

"Ba ruwa na zo sha ba. Sau uku kana tashi, me muka samu? Ka zauna daram har sai ya buɗe mana hasumiyar nan. Babu mai taɓa ka, kai ma ka sani."

"A kan dutse ne babu mai taɓa ni," in ji shi. "Ai ba a kan dutse zan kwana har abada ba."

"To mu fa? A kan me muke kwana?"

Suka fita suna share hawaye, shi kuma ya ci gaba da gyaran wani linzami da babu abin da ya same shi.

Kwana kaɗan sai ga Ortolf, wakilin sabon Hersog, mutum mai laushin murya da tsabtar farce. Ya iya harshenmu sarai. Ya yaba rigar da nake saƙawa, kuma ta cancanci yabo, don wannan karon ulu mafi laushi na zaɓa. Na da can da gangan nake sa musu mai kaushi, su ɗan ji abin da muke ji.

"Tsoho, na ji mata suna ta hure maka kunne," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, mata ai ba su rasa magana."

"Haka ne. To ga tawa. Ka yi tambayoyinka, ka yi marinka, ka tashi kamar yadda ka saba. Washegari ɗanka yana gida yana cin abincin uwarsa."

"Sauran fa?"

"Sauran ba 'ya'yanka ba ne."

Yana fita na rufe ƙofa na jingina da ita. "Baban Blaz, ka ji dai."

"Na ji, Jera."

"To tashi za ka yi."

"Da wane ido zan kalli Katra?"

"Da wanda kake kallona da shi tun da aka kawo labarin Primoz! Ka tashi wa wanda ya hana mu itace, ka tashi wa wanda ya kashe mini ɗa, ka tashi wa jariri mai majina. Sai yau da tashin zai amfane ni za ka tuna kai jarumi ne?"

"Shi ya sa," in ji shi.

Ina son Katra, tare muka yi wankin kaya a rafi tun muna 'yan mata. Amma a ranar da an ce in zaɓa tsakanin Blaz da kwarin gaba ɗaya, ko numfashi ba zan ja ba kafin in zaɓa. Har yau ban ga laifina ba.

Ranar naɗi da safe Ortolf ya zo da kansa da tulun giyar tuffa, wai gaisuwar mai ƙasa ga mai zaman dutse. Ba a ƙin irin wannan. Da kofin Lenart ya yi ƙasa sai ya cika masa, yana ta jansa da hira. Lenart mutum ne da tsufa ya riga ya sa ba ya iya sauraron wa'azi guda bai fita bayan coci yin fitsari ba. Na gane abin da wakilin ke yi, na kuma roƙi Allah dabarar ta ci.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Bishop, babban limamin coci, yana ƙarƙashin rumfa, manyan ƙasa sun jeru, mayaƙa sun kewaye fili. Sabon Hersog gajere ne mai kauri, rigata ta zauna masa daidai. Ba ya jin harshenmu sosai, Ortolf ke tsaye kusa da kunnensa. Lenart ya yi tambayoyinsa, jama'a suka amsa, amma muryar ba ta kai ta da ba, don mazan da ke ɗaga ta suna Karnek. Ortolf ya lissafa bijimi da goɗiya da riga. Hersog ya matso ya miƙa kumatu.

Lenart bai ɗaga hannu ba.

"Na ji bijimi, na ji goɗiya," in ji shi. "Ban ji mutanen hasumiya ba."

Katra da ke gefena ta damƙe mini hannu, na fizge.

"Wannan ba ya cikin tambayoyin, tsoho," in ji Ortolf.

"Tambayoyi sun ƙare, ranka ya daɗe. Yanzu zama kawai nake yi."

Wani mayaƙi ya taka gaba, bishop ya ɗaga yatsa ɗaya, ya koma. Na ga wasu daga cikin masu jan mulufi suna rufe baki da hannu, ba don baƙin ciki ba. Ortolf ya raɗa wa Hersog wani abu, Hersog ya gyaɗa kai, ya gyara tsayuwa. Jira suka zaɓa.

Rana ta take. Bijimi ya yi ta kaɗa jela, ƙudaje suka dami goɗiya, masu sayar da burodi da cuku suka yi ciniki. Hersog na tsaye a cikin ulu yana zufa, bai saki igiya ba, wannan kam na ba shi. Da rana ta fara karkata sai na ga Lenart ya sauke ƙafar da ya ɗora, ya haɗe gwiwoyi. Can ya fara mutsu-mutsu. Gumi ya keto masa, ya dafe dutsen da hannu biyu.

"Tsoho," Ortolf ya ɗaga murya don kowa ya ji, "ga bayan shinge can. Je ka rage ka dawo mana, ai dutsen ba gudu zai yi ba."

Mayaƙa suka kwashe da dariya. Na ce a raina tashi, tashi don Allah, babu wanda zai ga laifinka.

Bai tashi ba. Ina kallo wandonsa ya yi duhu, ruwa ya gangaro ta gefen dutse ya shiga ciyawa, a gaban bishop, a gaban manyan ƙasa, a gaban matan da suka san shi tun yana saurayi. Dariyar mayaƙa ta ƙaru, sannan ta yi ta raguwa har ta mutu, don tsohon bai sunkuyar da kai ba. Ya sake ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, haushinsa ya cika ni har wuya, kuma a duk zamanmu ban taɓa sonsa kamar a wannan lokacin ba. Duka ukun tare na ji su.

Daga nan babu sauran abin jira. Inuwar coci ta yi tsawo ta rufe rabin fili, manyan ƙasa suka fara kallon rana suna kallon juna. Da ta kusa taɓa kan duwatsu sai Hersog ya yi wata gajeriyar dariya ya yi magana.

"Mai ƙasa ya ce gobe za a buɗe hasumiya," in ji Ortolf.

"A faɗa a gaban bishop, da hannu a kan gicciye. Dukansu."

Aka kawo gicciye, Hersog ya ɗora hannu ya rantse cewa duk mazan kwari za su fita daga hasumiyar Karnek, ba kuma za a kai ko ɗaya ramin gishiri ba. Mata suka ɓarke da kuka da guɗa. Lenart ya miƙa hannu ya yi marin, ya ce a riƙe mu da kyau. Da ya zo tashi ƙafafunsa sun mutu, ga shi babu mai ikon kama shi. Sai da ya zame a hankali ya dira da gwiwa, sannan na ruga na yafa masa mayafina.

Hersog ya kalli jiƙaƙƙen dutsen da zai taka. Sannan ya juyo ya kalli Lenart, kallo mai tsawo, babu fushi a ciki. Da ma fushin na gani, da hankalina ya fi kwanciya. Ya hau ya zare takobinsa.

Washegari duk kwarin yana ƙofar Karnek. Aka buɗe, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, sun rame sun yi fari, suna kare ido daga hasken rana. Katra ta sami nata biyun, ta rasa wanda za ta fara runguma. Ina ta leƙe har aka daina fitowa. Sai can ta ƙofar barga na hango Blaz, an yi masa aski, an sa masa riga mai hoton gatari a ƙirji, yana riƙe da dokin wani babba.

"Albishirinki, Inna," in ji Ortolf da murmushinsa. "Mai ƙasa ya ce gidan da ya haifi tsoho mai ƙarfin hali haka, ɗansa ya dace ya zauna kusa da shi. Zai tafi da shi gabas ya kula masa da dawakai. Girma ne babba."

"Ya rantse!" na ce.

"Ya rantse zai fita daga hasumiya. Ga shi ya fita."

Aka bar mu muka gaisa a tsaye. Na riƙe fuskar yaron da hannu biyu. Shi ne ma ya daure ya dubi ubansa.

"Baba, an ce ka jiƙa wa Hersog takalmi."

"Haka aka ce."

"Jiya da labarin ya shigo mana ciki mun yi dariya har muka yi kuka." Ya juyo ya dube ni. "Ka kula da Inna."

Aka busa ƙaho, suka tafi. Muka koma gida da bijimi da goɗiya, wannan karon lafiyayyu ne ƙwarai, kamar da gayya.

Da farko mutane sun yi kirki. Kullum sai an ajiye mana ƙwai ko cuku ko zuma a bakin ƙofa. Amma godiya tana da nauyin ɗauka, dariya kuwa ba ta da shi. Kafin hunturu na biyu yara sun sa masa suna Mai Jiƙa Dutse, kuma a wurin sha har waɗanda ya fitar suna kwaikwayon yadda ya haɗe gwiwoyi. Katra kaɗai ba ta daina zuwa ba, ita ce kuma wadda na fi ƙin gani.

Ni ban yi masa magana ba har dusar ƙanƙara ta sauka. In dafa in ajiye, ya ci ya tashi. Wata rana da hantsi ina kaɗa zare ya zo ya zauna a gabana.

"Jera, Hersog mutum ne. Zai mutu."

Na yi banza da shi.

"In ya mutu, dole ɗansa ya zo filin nan, kuma dole wani daga gidan nan ya zauna. Ko su aiko da Blaz, ko ni in zauna. In ni ne, suna ɗaya zan ambata."

Na ɗago na dube shi. "Ka girme shi da shekara nawa, tsohon banza?"

"Da yawa. Sai in jira shi."

Ban taɓa ganin wanda ya rayu da taurin kai zalla kamar Lenart ba. Ya daina shan giya ko ɗigo. Yana cin abinci kamar magani, ko yana so ko ba ya so. Ya daina kewaye filin, kullum sai ya je ya kori tumaki ya cire ciyawar gindin dutse. Duk fataken da suka biyo ta hanyar gabas sai ya tare su, ya tambayi Blaz, sannan ya tambayi lafiyar mai ƙasa, har suna yaba masa biyayya. Jefi-jefi muke jin labari: yaron yana raye, ya zama babba a barga, ya yi aure, an haifa masa 'ya. Ni kuma na saƙa riga na ajiye a akwati. Asu ya cinye ta, na saƙa wata.

Mutumin nan na gidan Gatari ya ƙi mutuwa. Haƙoran Lenart suka zube, ido ɗaya ya rufe, ƙafafu suka daina kai shi ko'ina. Sa'o'insa duk suka tafi, Ortolf ma ya tafi. Akwai safiyar da nake ganin ƙirjinsa da kyar yake ɗagawa, in ce yau kam shi ke nan, sai ya buɗe ido ɗayan ya ce, "An ji wani labari?" Na gaji da jiran har na fara jin haushin ransa da ya ƙi fita, sannan in ji tsoron fitarsa, don da shi za a binne hanyar da ta rage.

A ƙarshen wani hunturu labari ya zo, Hersog ya mutu a gadonsa. Lenart ya sa na rage masa gemu. Ya sa jikokin Katra suka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa fili, suka ɗora shi bisa dutse don ya gwada ko bayansa zai iya. Ya iya. Na fito da riga na shanya ta sha iska. Muka zuba ido ga hanya, bazara ta wuce, hatsi ya nuna, babu manzo.

Ranar da aka fara girbi sai ƙararrawar coci ta kama bugawa, ta ƙauyen gaba ma ta amsa, ba Lahadi ba, ba kuma wanda ya mutu. Can limamin cocinmu ya shigo, saurayi ne da aka kawo daga birni, yana ta fara'a. Ya ce a yi murna, an naɗa sabon Hersog a babban cocin birni, manyan ƙasa sun durƙusa sun sumbaci hannunsa, manzon Kaisar ya ce hakan ya wadatar.

"Ba dutse?" in ji Lenart daga gado.

"Ba dutse, Baba. An ce wannan al'adar mutanen da ce."

"Kuma ya zama?"

"Ya zama mana."

Limamin ya sa mana albarka ya fita. Ƙararrawa ba ta daina ba.

"Ashe ana iya yi ba mu," in ji Lenart. Can ya ce, "Jera, akwai sauran giyar tuffa a gidan nan?"

Na je gidan Katra na samo, na tallafo kansa na ba shi. Ya kurɓa kaɗan, ta zubo ta gefen bakinsa.

"Da na san haka ne, da ranar nan na tashi," in ji shi.

Shekara da shekaru nake jiran ya faɗi wannan maganar. Da ya faɗa, sai na ji ba na sonta ko kaɗan.

"Ƙarya kake yi," na ce. "Ba za ka tashi ba."

"Haka ne," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Ya rasu kafin dusar ƙanƙara ta farko. Na aika wa Blaz ta bakin wani mai fataucin gishiri da zai bi ta gabas, ban san ko saƙon ya isa ba.